Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar Farfaɗo da Zuciya

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga Shari'a Mansur take, a nan Makka. Wani bawan Allah mai tura keken masu ɗawafi ya ce wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a gabansa, numfashi ya ɗauke. Ga akwatin na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ke ba zuciya wutar lantarki don bugunta ya daidaita, a rataye kusa, amma hannunsa ya ƙi kaiwa, don tsoron kada ya ƙarasa shi da wutar lantarki.

Malam, tsoronka ba abin kunya ba ne, amma ka kwantar da hankalinka. Na'urar ba ta sakin wuta sai ta auna bugun zuciya. Idan zuciyar karkarwa kawai take yi, ba ta tura jini, sai na'urar ta ba da umarnin a danna maɓallin sakin wuta. Idan ba haka ba ne, ko ka danna maɓallin ba abin da zai fito. Jira shi ne haɗarin: duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ka sa wani ya kira 997, lambar motar asibiti, kai kuma ka durƙusa ka riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti.

Matsalar da na fi jiye muku ita ce zufa. A zafin Makka ƙirji sharkaf yake, fallaye biyu masu gam na na'urar, waɗanda ake liƙawa a ƙirji, kuwa ba sa kama jiƙaƙƙiyar fata. Goge ƙirjin, ko da gefen mayafin ihraminsa. Liƙa falle ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya ta dama, ɗaya a haƙarƙarin hagu, ƙasa da hamata. In na'urar ta yi magana da Larabci ko Turanci ba ka gane ba, bi hoton da ke jikin fallayen. Sai cunkoso. Mutanenmu akwai tausayi, wannan na riƙe ƙafa, wancan na yayyafa zamzam. Ɗaga murya, kowa ya cire hannu kafin a saki wutar.

Wata Hajiya daga Jidda ta tambaya: in mace ce ta faɗi, a yaye mata tufafi a bainar jama'a?

Hajiya, wannan tambayar ta taɓa ni, domin na san wannan nauyin ne ke sa a tsaya ana kallon mace har lokaci ya ƙure. Dole fallayen su hau fata, ba sa aiki ta kan abaya. Amma ana iya haɗa sutura da ceto. Mata su kewaye ta, su ɗaga mayafai su yi labule, a liƙa fallayen, a mayar da zane a rufe. In babu mace a kusa, namiji ya yi, kada ya tsaya neman muharraminta. Malamai sun daɗe da faɗa cewa larura tana halatta abin da aka hana.

Ta ƙarshe daga wani mai kula da masaukin alhazai a Madina: na'urarsu ta yi shekaru a sito, tana da kyau?

Alhaji, je ka duba yau. Batirin yana da wa'adi, fallayen ma haka, zafi kuma na busar da gam ɗinsu. Karanta kwanan watan da ke jiki, ka duba ƴar alamar da ke nuna a shirye take, sannan ka fito da ita daga sito ka rataye ta kusa da ƙofar shiga, ba makulli.