Iskar arewa ta tsare mu a Sawakin

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, iska ce ke kaɗa igiyoyin jirgi. Har yanzu muna nan Sawakin ta ƙasar Sudan, a gaɓar Bahar Maliya, mun sauke anka mun naɗe filafilai, ba inda za mu je sai ta lafa.

Wasu na cewa to ku kunna inji ku wuce mana. Wallahi ba haka abin yake ba. Iskar nan daga arewa take zuwa, mu kuma arewa muka nufa wajen Sanganeb, wani tsibirin murjani a cikin teku, kun ga kenan gaba da gaba za mu yi da ita, ga igiyar ruwan tekun nan gajeru ne masu tsini, ɗaya na sakin jirgi ɗaya na dukansa, mai ya ƙone a banza ba ka ci tafiya ba. Sannan ga duwatsun murjani ko'ina a bakin gaɓa, ba a shiga tsakaninsu sai rana ta ɗaga ana ganin launin ruwa, inda ya yi shuɗi sosai akwai zurfi, inda ya koma ruwan ƙasa-ƙasa dutse ne. Yau kuwa ƙura ta rufe komai. Ku duba solarmu, na goge ta da safe, ga yatsana na rubutu a kai.

Dare ne mai wuya. Ni da Kawu, dattijon da ke riƙe da jirgin, Bahaushe ne haifaffen Bur Sudan, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar, karɓa-karɓa muke yi, ɗaya ya kwanta ɗaya ya sa ido kan fitilun gari kar anka ta ja ba mu sani ba. Ruwan sha muna lallaɓa shi, alwala da ruwan teku muke yi tunda mai tsarki ne. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, amma jirgi na juyawa kan sarƙarsa, sai na duba kamfas kafin in tada kabbara.

Jiya na ce Kawu gaskiya zaman nan ya fara isata. Ya ce ɗana, kalli can. Ya nuna min kangayen tsohon garin da aka gina da dutsen murjani, wanda ya fara mutuwa bayan an fara gina Bur Sudan a 1905. Ya ce a nan kakanninmu da suka tako da ƙafa daga Kano da Sakkwato suke zaman jiran sambuk, wato jirgin katako mai filafilai, ya tsallakar da su Jidda, sama da kilomita 300 a kan ruwa, wasu sai sun yi shekaru suna ƙwadago a hanya kafin su ga tekun ma. Jikina ya yi sanyi sosai.

Yanzu dai Kawu ya ɗora jabana, wato gahawar Sudan, da citta, bari in riƙe masa tukunyar kar ta kife. Hasashen yanayi ya nuna iskar za ta sassauta da asuba, in Allah ya yarda za mu ɗaga anka da sassafe. Ku sa mu a addu'a.