Injin mai ƙarfin doki 710, amma babu wurin zaman Hajiya

Salamu alaikum jama'a. Kun gan ni cikin mota a fake, ƙofar masallaci nake a nan Houston ta jihar Texas a Amurka ina jiran yara su tashi daga islamiyya. Kafin su fito bari in ba ku labarin yadda wata mota ta kuɓuce mini ina ji ina gani, don har yau abin yana cina a rai.

Wata biyu da suka wuce na raka uwargida awo. Matar da ke ɗaukar hoton cikin ta kalli na'urar, ta kalle ni, ta ɗaga yatsu biyu. Tagwaye! Alhamdulillahi, amma wallahi tun kafin mu fito daga asibitin ni lissafin kujeru nake yi. Ga Abba ɗan shekara shida, ga ƙanwarsa 'yar uku, ga biyu na tafe. A dokar Texas duk yaron da bai kai shekara 8 ba sai an ɗaure shi a kujerar yara, sai dai in tsayinsa ya wuce ƙafa 4 da inci 9. Kujeru huɗu ke nan, ita kuwa Camry ɗita biyu ma sun cika mata baya. Sai na tuna ranar sallah a gida, mu tara Baba ya loda a bayan Fijo 504 daga Zariya zuwa Funtuwa, wani kan cinyar wani, babu wanda ya ce uffan. A nan ka gwada, ɗan sanda zai ba ka takardar tara kafin ka kai sha-tale-tale na biyu.

Uwargida ta ce mu ɗauki Sienna. Na ce Sienna? Motar da ake lodi da ita a tashar Utako ta Abuja? A ce na yi shekara tara a Amurka na ƙare da motar tasha, abokaina na Sabon Gari su ga hoton su ce nawa ne kuɗin Kaduna? Gaskiyarta ce fa, ƙofar nan da ake ja gefe ta fi komai sauƙi ga mai jarirai. Amma ni tun ina saurayi mota mai gudu ce a raina, kuma na ce jif zan saya ko da me.

Ranar Asabar muka je wurin wani dillali, sai ga ta nan, Dodge Durango SRT Hellcat, baƙa wuluk. Injin V8 ne mai lita 6.2, ƙarfin doki 710, daga tsaye ta kai gudun mil 60 cikin daƙiƙa uku da rabi. Kuma layi uku na kujeru gare ta, wato a idon uwargida motar iyali ce. Da yaron dillalin ya tayar da ita sai da na ji rurin a ƙirjina, Abba ya toshe kunne yana dariya. Ni dai na gama saye a zuciyata. Ita kuwa ta leƙa baya, ta ƙirga, ta juyo ta ce, "Baban Abba, to Hajiya a ina za ta zauna?"

Kun san surukata za ta zo zaman jego. Wadda muka gani ɗin kujeru shida ce, layin tsakiya kujeru biyu ne da hanya a tsakaninsu. Mu biyu, yara huɗu, shi ke nan ta cika. Ina ni ina cewa suruka ta zauna a gida mu je mu dawo? Bakina ya mutu.

Duk da haka ban haƙura ba sai da na kira masu inshora. Dala 400 da wani abu a wata suka ce mini, ni da ko tarar gudu ba a taɓa yi mini ba. Ashe motocin da ke ɗauke da sunan Hellcat ɓarayi na ƙaunarsu ainun a ƙasar nan. Ga shan mai, mil 12 zuwa 13 a galan cikin gari, kuma fetur mai tsadar take sha. Kuma ku duba, motar tana iya gudun mil 180, alhali titin da ya fi kowane izinin gudu a duk Amurka, wani yanki na babbar hanya ta 130 kusa da Austin, mil 85 ne iyakarsa. Ni da kullum da safe ina cikin cunkoson Katy Freeway ina tafiyar hawainiya.

BMW X5 M ma na zauna a ciki don in kashe ƙwarnafi, amma ita layi biyu ce kawai. X7 da GLS 63 ta Marsandi suna da layi uku, sai dai tsada, sabuwar GLS 63 ɗin ta haura dala dubu ɗari, kuɗin da zan ƙarasa ginina na gida har in yi fenti.

Wannan da nake ciki ita muka ɗauka, Ford Explorer ST ta 2022, ta hannu, dala 38,000 kafin harajin kashi 6.25 cikin ɗari da Texas ke karɓa. Ƙarfin doki 400 ne, injin V6 mai turbo biyu. Sai da na yi sati biyu ina neman mai dogon benci a tsakiya, don yawancinsu su ma shida ne. Yanzu bakwai cif.

In kana cikin irin halin da nake, ka ji ni da kyau: ka ɗauki kujerun yaranka da keken tura jarirai ka tafi da su wurin dillali, ka ɗaura su a gabansa, ko zai ɓata rai. Ni da na yi haka na gane in ka sa kujerun jarirai a gefe da gefe na layin tsakiya, ka toshe hanyar shiga baya, don kujerar ba za ta lanƙwasa ba. Dole tagwaye su zauna hagu da tsakiya, Hajiya a dama, manyan su riga ta shiga. But ɗin kuma in layi na uku yana tsaye keken tagwaye kaɗai ya kusa cinye shi, buhun shinkafa sai dai a je a dawo. Sannan a Houston kada ka sayi motar hannu ba ka duba tarihinta ba. Tun ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 mutanen garin nan suka koyi ɗaga kafet su shinshina. Irin waɗannan da ruwa ya ci su ake gwanjonsu da arha, wasu har su bi jirgin ruwa zuwa Kwatano, ka gan su a gida suna ƙyalli.

Ba Hellcat ba ce, na sani, kuma duk lokacin da wata ta wuce ni sai na bi ta da kallo. Amma jiya da zan hau babban titi na ɗan taka ta, wani mai ƙatuwar a-kori-kura ya ga bayana kawai. Abba ya ce, "Baba ƙara!" Uwarsa ta harare ni, na sassauta.

Ga su can sun fito. Ƙanina kuma tun jiya yake damuna a WhatsApp wai in turo masa Camry ɗin, ko kuɗin kwastan bai tambaya ba. Bari in je in ɗaure mutanen nan, sai mun haɗu.