Kilo Goma na Kanola Ba Kilo Goma na Waken Soya Ba Ne

[Hoto: gonar kanola, furanni rawaya]

Ga kanola, shukar da ake samun mai daga ƙwayarta. A Kanada aka gyara irinta a shekarun 1970, aka rage mata sinadaran da ke cutar da dabba. Ana tatse man, abin da ya rage shi ne wannan tunkuzar da kuke gani. Tarihi ya ishe mu haka.

Abin da ya tara mu shi ne gardamar da ake ta tafkawa. Wannan ya ce ya bai wa 'yan aladunsa tunkuzar kanola sun yi ɓul-ɓul, wancan ya rantse nasa sun tsaya cak ba sa girma. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A kan sikeli suka rabu.

[Hoto: bokiti biyu a kan sikeli]

Ku duba da kyau. Nan kilo 10 na tunkuzar waken soya, nan kilo 10 na ta kanola. Nauyi ɗaya. Mai kiwo sai ya cire ta soya ya zuba ta kanola, ya kaɗe hannu, wai ya gama. To a nan gizo ke saƙar.

Furotin na waken soya kan kai kashi 46 cikin ɗari, na kanola wajen 36. Tun ba a je ko'ina ba kilo guda ya ɓace. Amma ba wannan ne babban giɓin ba. A cikin furotin akwai wani sinadari, laisin, wanda idan ya gaza, tsokar ɗan alade ba ta ginuwa, ko da sauran sun wadata. Bokitin soya yana ɗauke da laisin kusan giram 300, kuma cikin dabbar yana tsotse kusan kashi tara cikin goma. Na kanola giram 200 ne, kuma kashi uku cikin huɗu ne ke shiga jiki. Ku lissafa: wajen giram 265 a soya, 150 a kanola. Na sake faɗa, 150. Ɗan aladen ya ci ya ƙoshi, tumbi ya yi tim, amma kusan rabin laisin ɗin da ya saba samu babu shi.

Saboda haka ba musaya ake yi ba, sabon haɗi ake lissafawa. A ƙara garin laisin, a ɗan ƙara mai, don kanola ba ta kai soya ba da ƙarfi ba. Idan an yi haka, gwaje-gwaje sun nuna tana iya kai kashi 20 cikin ɗari na abincin 'yan yaye ba tare da girma ya ragu ba.

[Hoto: baƙin ɓawon ƙwayar a tafin hannu]

Batun hanji kuwa, ga shi a tafin hannuna. Wannan ɓawon ya sa harzar kanola ta ninka ta soya kusan sau uku. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke babban hanji suna ruɓar da wani ɓangarenta, su samar da abin da ke ciyar da bangon hanjin. Yana iya taimakawa a makonnin yaye, lokacin da zawo ke kwasar su. Amma ni dai ba zan kira ta magani ba, mai tallar da ya ce muku haka ku yi masa murmushi kawai.

Saura a gurguje. Tana da ɗan ɗaci, kuma ɗan alade, duk sunan da ya yi na ci-ba-zaɓe, idan ka ajiye masa biyun soya zai nufa. Ku fara da kaɗan, ku riƙa ƙarawa mako-mako. Kada aidin ya gaza a haɗin, don ragowar sinadarin ɗacin nan yana iya jawo maƙoƙo.

Kafin ku biya kuɗin buhu kuma, ku buɗe ku shinshina. In ta yi duhu sosai tana ƙauri, wuta ta yi mata yawa a masana'anta, kuma laisin ne farkon abin da ke ƙonewa. Wancan 150 ɗin ma ba za ku same shi ba.