Daren Janairu a Mashayar Buddy Guy

A tsakiyar birnin Shikago na ƙasar Amurka, a kan titin Wabash, akwai wata mashaya mai suna Buddy Guy's Legends, wadda mai ita, Buddy Guy, makaɗin jita na blues, wato kiɗan da ya samo asali daga baƙar fatar kudancin Amurka, ya buɗe a shekarar 1989. Duk watan Janairu, lokacin da sanyin birnin ke kai wa matuƙa, mutane sukan yi layi a ƙofarta tun da rana tsaka domin su sami teburin da ke kusa da dandamali, saboda a wannan watan ne mai gidan da kansa yake ɗaukar jitarsa ya yi wasa dare bayan dare.

An haifi Buddy Guy ranar 30 ga Yulin 1936 a ƙauyen Lettsworth da ke jihar Luwiziyana, a gidan manoman auduga masu noma gonar wani a raba amfani. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta daga waya. A shekarar 1957 ya bi sahun miliyoyin baƙar fata da suka bar kudancin Amurka zuwa biranen arewa neman aiki da tsira daga wariyar launin fata, ya sauka a Shikago. A can ya zama makaɗin da kamfanin faifai na Chess ke kira ya raka manyan mawaƙan blues irin su Muddy Waters da Howlin' Wolf wajen naɗar faifai, alhali yana tuƙa motar janye motocin da suka lalace domin ya ci abinci. Kamfanin bai yarda ya naɗi irin kiɗansa mai ƙara da kuwwa ba, amma matasan Ingila irin su Eric Clapton da Jeff Beck sun ji shi, sun kwaikwaye shi, kuma daga wannan hanya ce salon da ake kira blues rock, wato gaurayen blues da kiɗan rock, ya sami wani babban ɓangare na siffarsa.

Abin da ya sa ganinsa a ƙaramin ɗaki ya bambanta da ganinsa a babban filin wasa yana cikin hannuwansa ne. Wanda ya zauna kusa zai ga yadda yatsan hagu ke danne tsirkiya ya tura ta sama a kan wuyan jitar, sautin ya ɗaga a hankali har ya tsaya a tsakanin muryoyi biyu, ya yi ta rawa a wurin kamar mai kuka yana riƙe numfashi. Wannan lanƙwasa tsirkiya ita ce zuciyar kiɗan blues, domin da ita makaɗi ke sa ƙarfe ya yi magana irin ta ɗan Adam. Tsarin waƙar kansa mai sauƙi ne: zagaye ɗaya yana da ma'auni 12, wato gaɓoɓin kiɗa masu tsawo ɗaya, an gina shi a kan haɗin sauti uku kacal, mawaƙi ya faɗi baiti, ya maimaita shi, sannan ya rufe da na uku. Bayan kowane baiti kuwa jita ce ke amsawa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi.

Sai kuma batun ƙarfin sauti, wanda a nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, kuma faifai ba ya iya ɗaukar ta yadda take. Yakan rage kiɗan har ya kusa ɓacewa, mai ganga ya koma taɓa fata da bakin sanda kawai, jama'a su daina taɗi, har a riƙa jin motsin kofuna daga wajen masu sayar da abin sha. Yakan bar ɗakin a haka na tsawon lokacin da ya ga dama, sa'an nan ba zato ya saki sauti ɗaya mai tsananin ƙara wanda ake ji a ƙirji kafin kunne. A filin da ke ɗaukar dubban mutane wannan shirun ba ya samuwa, kuma idan babu shirun, ƙarar da ke biyo baya ta rasa rabin ma'anarta.

A tsakiyar wasa yakan sauko daga dandamali ya ratsa tsakanin tebura yana kaɗawa, ya tsaya gaban wani ya rera masa baiti ido da ido, wani lokaci ma ya fita har bakin titi. Ya koyi wannan ɗabi'a daga wani makaɗin jita mai suna Guitar Slim, wanda ya gani tun yana saurayi a Luwiziyana, Slim yana yawo cikin jama'a da doguwar wayar lantarki. Jitar da aka fi saninsa da ita ƙirar Fender Stratocaster ce mai ɗige-ɗige, kuma yana riƙe ta ne domin tunawa da mahaifiyarsa, wadda ya yi wa alkawarin mota mai irin wannan ado lokacin da zai bar gida, ta rasu bai cika alkawarin ba.

Ya sami karramawa mai yawa: an shigar da shi zauren girmama makaɗan rock and roll a 2005, ya kuma karɓi lambar yabo ta Cibiyar Kennedy a 2012. Duk da haka ya sha bayyana damuwarsa cewa ƙananan gidajen blues da suka cika kudanci da yammacin Shikago a zamanin ƙuruciyarsa sun rufe ɗaya bayan ɗaya, kuma damuwar tana da tushe, domin a irin waɗannan ɗakuna ne sabon makaɗi ke koyon karanta fuskar masu sauraro. Shi ya sa a sauran watannin shekara dandamalin Legends yakan ba makaɗan gari da masu tasowa dama, kuma shi kansa yakan jawo matasa su yi wasa tare da shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Christone Ingram, wanda ake kira Kingfish, ɗan garin Clarksdale na jihar Misisipi da aka haifa a 1999, kuma Buddy Guy ya sa murya da jitarsa a kundin Ingram na farko da ya fito a 2019.