Wa ya mallaki Crédit Agricole, Paris ko ƙauye?

[Hoto: ginin gilashi, ma'aikata na shiga]

Hedkwatar Crédit Agricole ke nan a Montrouge, bakin birnin Paris, ɗaya daga cikin manyan bankunan duniya. Tun da muka saki bidiyon ƙungiyoyin gama-kai ake ta jefo mana tambaya guda: bankin da ya ƙasaita haka, ina ruwansa da manomin ƙauye kuma?

Tarihi a gurguje. 1885, asusun manoma na farko, wato ƙaramar ƙungiyar ba su rance, a garin Salins-les-Bains. 1894, doka ta ba da damar buɗe irinsa ko'ina a Faransa. 1899, bankunan yanki. 1988, gwamnati ta sayar wa bankunan yankin uwar bankin ta ƙasa. To, mu tsaya nan, don a nan ake ɓata.

[Zane: dala, sai a kife ta]

Mun saba da banki irin na kamfani: hedkwata ce uwa, rassa 'ya'yanta, ta ga dama ta rufe na garinku. Nan kuwa 'ya'ya ne suka mallaki uwar.

A hankali. Kai mai ajiya ka sayi ɗan kaso a asusun garinku, ka zama mamba. Ƙuri'arka ɗaya. Attajirin da ya zuba kuɗi ninkin naka sau dubu, shi ma ɗaya. Ku ne kuke zaɓen shugabannin asusun, galibi mutanen da kuke haɗuwa da su a kasuwa. Waɗannan asusai, sama da 2,000, su ke riƙe da bankunan yanki 39. Bankunan yankin kuma suka haɗa kai a kamfani guda, SAS Rue La Boétie, wanda ke riƙe da fiye da rabin hannun jarin uwar bankin da ke wancan ginin gilashin.

Eh, tun 2001 ana sayar da hannun jarin uwar bankin a kasuwa. Saya iya ƙarfinka, rinjaye dai ba na sayarwa ba ne.

[Hoto: gonar inabi, tarakta]

Amfanin? Mai neman rancen tarakta, a yankinsa ake yanke masa hukunci, inda aka san ƙasarsa da damunarsa. Kamar uwar adashi ce: ta san wanda ke zubi kan lokaci ba sai ta duba takarda ba.

Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Rabobank na Holan a 2016 ya narkar da bankunansa na gari 106 suka koma banki ɗaya, ya bar wa mambobi majalisu. Ni dai a ganina, da zama a majalisa da riƙe takardar gida, akwai tazara.

[Hoto: zauren taro, kujeru da yawa babu kowa]

Kada kuma in yi muku daɗin baki. Mambobi sun haura miliyan 11, amma ga taron shekara na wani asusu. Ƙirga kawunan da kanka, ba za ka gaji ba. Waɗannan da suka zo, su za su ɗaga hannu yau.