Ministan da ya ajiye kujerar majalisa amma bai bar ofis ba

Ku yi tunanin wani dattijo yana miƙa takarda ga kakakin majalisar jiha. Sunansa Sobhandeb Chattopadhyay, ministan noma na jihar Bengal ta Yamma a Indiya a lokacin. Ranar 21 ga Mayu 2021 ke nan, yana ajiye kujerar mazaɓar Bhabanipur da ya ci makonni uku kacal kafin nan. Amma kuma ya ci gaba da riƙe ofishinsa na minista kamar ba abin da ya faru. A nan ne mutane da yawa ke rikicewa: to ya sauka ne ko bai sauka ba?

Tarihinsa a gurguje. Ya shiga majalisar jiha a 1991 a jam'iyyar Congress daga Baruipur. Da Mamata Banerjee ta kafa jam'iyyar Trinamool a 1998, ya bi ta, ya zama ɗan majalisarta na farko daga Rashbehari a birnin Kolkata. A 2016 aka ba shi ma'aikatar wutar lantarki. Shi ke nan, mu wuce.

Yanzu ku saurara da kyau. A Najeriya, sashe na 192 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar jiha da aka naɗa kwamishina, ranar da ya yi rantsuwa ya bar kujerarsa ta majalisa. Ba a haɗa biyun. Indiya kuwa akasin haka ne: ministan jiha dole ya zama ɗan majalisa, domin a can yake zama yana amsa tambayoyi. Sai dai sashe na 164 na kundin tsarin mulkin Indiya ya ba da rangwame. Mutum zai iya riƙe muƙamin minista ba shi da kujera, amma kada ya wuce wata shida a jere. Wata shida na cika, muƙami ya faɗi da kansa, ba sai wani ya kore shi ba.

To me ya sa ya sauka? A zaɓen 2021, Mamata ta sha kaye a mazaɓar Nandigram da ƙuri'a 1,956, duk da jam'iyyarta ta cinye jihar. An rantsar da ita babbar minista, wato shugabar gwamnatin jiha, ranar 5 ga Mayu, agogonta na wata shida ya fara bugawa. Jihar ba ta da majalisar dattawa tun 1969, balle a shigar da ita ta can. Dole sai zaɓen cike gurbi. Sobhandeb ya ba ta tasa kujerar, sai shi ma nasa agogon ya fara. Ni dai wannan ya burge ni ƙwarai. Ba kowa ke cin zaɓe da gumin goshinsa ya miƙa wa wani ba.

Mamata ta ci Bhabanipur a farkon Oktoba da ratar fiye da ƙuri'a 58,000. Shi kuma ya tsaya a Khardaha, inda ɗan takarar da ya ci zaɓen ya rasu da cutar korona tun kafin a faɗi sakamako. Aka kaɗa ƙuri'a ranar 30 ga Oktoba, ya yi nasara, saura 'yan makonni wa'adinsa ya ƙare.

Wani zai ce a sauke minista mana, a sake naɗa shi, wata shidan su dawo sabo. Kotun Ƙoli ta toshe wannan ƙofar tun 2001 a wata shari'a daga jihar Punjab. Shi ya sa Amit Mitra, ministan kuɗi na wannan gwamnatin da bai tsaya takara ba, ya bar ofis a Nuwamba 2021.