Haƙori ya fita ɗungurungum: kada ka taɓa saiwar

[Hoto: bidiyon da ya zaga waya, an rufe fuskoki]

Na san da yawanku kun ga wannan. Ɗan acaba ne ya zame a kan yashi wajen shataletalen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, fasinjansa ya daki kwalta da baki. Ku bar kallon jinin, ku kalli hannun mutumin nan mai farar riga. Ya tsinci haƙorin. Ya fasa ruwan leda. Yanzu ga shi yana dirza shi da gefen rigarsa, har da sa farce yana kankare wani ɗan nama-nama da ke jiki. Ya naɗe a takarda, ya sa wa mai shi a aljihu.

Allah ya saka masa da alheri, niyyarsa mai kyau ce. Amma a daƙiƙa ashirin ɗin nan aka kashe haƙorin da faɗuwar ba ta kashe ba.

[Hoto: haƙorin gaba na roba, an ɗaga shi kusa da kyamara]

Ga haƙorin gaba na babban mutum. Farin nan da kuke gani in an yi murmushi shi ne kai. Wannan dogon mai launin ƙwai-ƙwai, wanda ya fi kan tsawo, shi ne saiwa. Mutane suna ɗauka saiwar a kafe take cikin ƙashi kamar ƙusa a katako. Ba haka take ba. Tsakaninta da ƙashin akwai wata siririyar shimfiɗa ta zaruruwa masu rai, kaurinta bai kai rabin milimita ba, ita ke riƙe da haƙorin. In haƙori ya fita, shimfiɗar nan yagewa take yi, wani ɓangare ya tsaya a ramin, wani ya biyo saiwar. Abin da mai farar riga ya kankare da farce ke nan. Shi ya ɗauka datti ne.

Wanda ya taɓa dashen tumatir ko tattasai a fadamar Ajiwa ya riga ya san maganar. Kana cire irin da ƙasarsa a jikin saiwa, ka ajiye a inuwa, ka yayyafa ruwa, ka yi maza ka dasa. Ba a taɓa ganin manomin da ya wanke saiwar tas, ya goge ta, ya shanya a rana, sannan ya zo yana mamakin abin da ya hana dashe kamawa ba.

To haka haƙori. Ƙwayoyin halitta masu rai da ke cikin shimfiɗar nan ta jikin saiwa bushewa ce ajalinsu. Bayan minti 30 a busasshen wuri, yawancinsu sun tafi. In an haura minti 60, likita zai ɗauka babu sauran mai rai. A lokacin hunturu kuwa, da leɓenka ma ke tsagewa kana zaune, ai ba sai na faɗa ba.

Me zai faru in an mayar da haƙorin da saiwarsa ta mutu? Sau da yawa zai zauna, har ka ce an dace. Amma ƙashin muƙamuƙi zai manne da saiwar kai tsaye, ya riƙa cinye ta a hankali yana maye gurbinta, shekara da shekaru, har wata rana kan haƙorin ya rasa abin da zai tsaya a kai.

[Hoto: hannu biyu, ana gwadawa a hankali]

Yanzu ku duba yadda ake yi. Ka kama shi ta farin. Ta farin kawai. In ya kwashi ƙasa, ka ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan ƙarin ruwa na gishiri irin na kemis, daƙiƙa kaɗan, ba dirzawa, ba buroshi, ba sabulu. Dettol da Izal kuwa, don girman Allah, a bar su a banɗaki.

Sannan abin da mutane suka fi jin tsoro: ka mayar da shi raminsa. Nan take, a bakin titin. Ka dubi ɗan uwansa na gefe don ka gane gaba da baya, ka tura a hankali da yatsa har tsawonsu ya zo ɗaya. Ka naɗe hankici mai tsabta, mai shi ya cije a kai. Na san abin da kuke cewa: “Ni ba likita ba, in na sa shi a karkace fa?” Karkatacce likita zai iya gyara masa zama. Saiwar da ta bushe babu mai tashinta.

In ka kasa, ko mai shi ya ƙi, ko saiwar ta karye, sai a nema masa wurin zama mai laima. Madara ce ta farko, ta ruwa, wadda ba a sa wa sukari ba, in da sanyi ya fi. Na ce madara, ban ce nono ba. Nono da kindirmo tsami gare su, a bar su wa fura. In babu madara, mai shi ya tofa yawu a kofi ko murfin gora, a jefa haƙorin ciki. Babban mutum da ke cikin hayyacinsa zai iya ajiye shi a kumatu, kamar yadda tsofaffi ke ajiye goro, amma ban da yaro, don haɗiyewa zai yi.

Ruwan leda fa? Shi ne na ƙarshe a layi. Ruwa zalla kumbura ƙwayoyin yake yi har su fashe. Ya dai fi takarda da aljihu, iyakarsa ke nan.

[Hoto: yarinya 'yar shekara biyar tana dariya da giɓi]

A tsaya nan. Duk abin da na faɗa na haƙorin manya ne. Haƙorin nono, guda 20 ɗin nan da yaro ke famfara, ba a mayar da shi ko da faɗuwa ce ta fitar da shi, don turawar za ta iya lalata na dindindin da ke kwance a ƙarƙashi. Na gaba na dindindin suna fitowa ne daga shekara 6 zuwa 8, saboda haka ɗan shekara goma da ya daki turken gola, nasa na manya ne, a yi masa yadda na nuna. Na ƙanana kuwa a kai yaron a duba shi, haƙorin a jefa kan rufi a ɓoye wa ƙadangare kamar yadda kakanninmu suka koya mana.

Kuma in mutum ya suma, ko yana amai, ko baki ya ƙi rufuwa daidai, kansa da muƙamuƙinsa ake fara ceto, kada a sa masa komai a baki. In an nemi haƙori ko guntunsa an rasa, a gaya wa likita, don wani lokacin yana nutse cikin leɓe, wani lokacin an shaƙe shi.

[Hoto: kujerar likitan haƙori, saurin hoto]

Sauran aikin na asibiti ne, zan bi shi da gudu. A garin nan akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya, a nufi can ko mafi kusa, ranar, ba gobe ba. Za a ɗauki hoto. Za a ɗaure haƙorin da maƙwabtansa da siririyar waya, wajen mako 2. Za a duba maganar allurar tetanus tunda ya taɓa ƙasa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ga babban mutum, cikin mako biyun nan ake fara cire jijiyar cikin haƙorin a cike gurbinta, don ita ta riga ta tsinke. Kada ku rikita su: jijiyar ciki ana iya rayuwa babu ita, shimfiɗar waje ce ake wa wannan gudun.

In kuma ɓallewa ya yi bai fita ba, wanda shi ya fi yawa, a tsinci guntun a sa a madara, sau da yawa ana manna shi ya koma kamar ba a yi ba. In guntun ya ɓata, akwai farin ciko mai launin haƙori. Amma ka duba madubi: in ka ga ɗigon ja ko jini a tsakiyar wurin da ya karye, jijiya ce ta bayyana, wannan ba ya jiran albashi. Kada a sa masa gam, kada a sa ruwan batir. Kanumfari zai ɗan rage zafi, ba zai rufe komai ba.

[Hoto: faranti, ana janye abubuwa ɗaya bayan ɗaya]

Mako biyu sai abinci mai laushi: kunu, koko, fate, tuwo da miya mai ruwa. Rake, aya, kilishi da ƙashin balangu sun tafi hutu. Buɗe kwalba da haƙori kuwa, wannan ko lafiyarka ƙalau ban yafe maka ba. A goge baki da buroshi mai taushi, asuwaki ya ɗan dakata a wajen.

Bayan an cire waya a ci gaba da komawa, don saiwa tana iya lalacewa shiru babu ciwo, hoto kaɗai ke nunawa. Haƙorin da ya bugu ko bai fita ba, in ya fara duhu, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi samansa, a koma a nuna shi, ko da wata shida ne bayan faɗuwar.